Waken da Na Ba Iska

Iya, mahaifiyar Babana, ba ta yin tatsuniya sai a bakin banda. Da an idar da sallar magariba za ta jera kifi a kan waya, ta tura ɗanyen itace don ya yi hayaƙi, mu jikokinta mu kewaye ta. Idanunmu na zubar da hawaye, amma ba mai matsawa. Ƙauyenmu yana gaɓar tafki, kusa da Wara, cikin garuruwan da aka gina wa mutanen gungu, wato tsibiran kogi, bayan ruwa ya cinye nasu. Ina 'yar shekara bakwai a lokacin, shekarar da aka ce mun bar Sakkwato mun zama 'yan Kebbi.

A wannan shekarar ruwa ya hau da wuri ya shanye mana shinkafar fadama. Wake kaɗai ya rage, sai 'yar dawa da ba za ta kai mu kaka ba. Shi kuwa wake bai taɓa kai damina a gidanmu ba, kullum ƙwari ke rigan mu. Sai ga Kawu Sani, ƙanin Inna, ya dawo daga kudu inda yake aiki a wani kamfanin madara, ɗauke da manyan ledoji masu kauri, suna ƙyalli kamar cikin gwangwani. Ya shanya waken ya bushe ƙarau, ya ɗura, ya liƙe bakin kowace da dutsen guga na gawayi. Leda shida.

"In dai iska ba ta shiga ba," ya ce da Baba, "ƙwaron da ke ciki ma mutuwa zai yi. Kada a buɗe sai ranar buƙata."

Iya ta leƙo ta taɓe baki. "Wake da rigar azurfa! Mu da muka noma shi ko zanen kirki ba mu da shi."

A ɗakin da nake kwana da Iya aka jera su.

Bayan 'yan kwanaki ta yi mana wata tatsuniya. Ita ba ta buɗewa kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe cikin jirgi," mu amsa, "Ta iso gaɓa mu ji ta."

Wai an yi wata mata mai rowa a wani gungu. Ta samu wake mai yawa, sai ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka don kada maƙwabta su ji ko ƙanshinsa. Duk mai roƙon da ya zo sai ta nuna masa tafin hannu. Waken kuwa yana ciki yana kuka. Nan Iya ta siranta murya: "Uwar gida, uwar gida, buɗe mu sha iska." Matar ta toshe kunne. Da yunwa ta sauka a gungun ta fasa tulun, sai ta tarar da tsakuwa baƙa ƙirin.

"Kun ji, ko?" in ji Iya tana juya kifi. "Abin da ka rufe wa mutane, Allah shi rufe maka. Ke ƙawata, mi ya sa kika yi zuru? Ko ke ce mai tulun?"

Yara suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na riga na lura ledojin nan sun tsuke, sun manne da waken har ana ganin shatin kowace ƙwaya, kamar haƙarƙarin wanda ya riƙe numfashi. Washegari da hantsi, kowa na bakin ruwa, na zaro allurar Iya daga gammonta na huda kowace leda a ƙasan naɗin bakinta. Sau uku-uku. Na kara kunne, na ji daɗi da ban ji kuka ba.

Damina ta yi tsakiya, dawa ta ƙare. Baba ya yanka leda ta fari da wuƙa, Inna ta tara ƙwarya. Gari ne ya zubo, mai ɗumi da wari, ƙwari na yawo a cikinsa. Ya yanka ta biyu. Haka har ta shida, sannan ya juya ga Inna.

"Ƙaninki ya kashe mu."

Iya ta ɗauki leda guda ta ɗaga ta saitin rana. Haske ya ɓullo ta ƙofofi uku ƙanana. Ta daɗe tana kallo, ta dube ni sau ɗaya tak.

"Bar yarinyar mutane, Mamman," ta ce da Baba, tana nufin Inna. "Ni na huda su. Tsufa ne."

Baba bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, amma daga ranar gaisuwar safe kaɗai ke haɗa su. Mun ci tafasa da rama, mun ci garin waken nan bayan an tankaɗe ƙwarin. Kifi ma ya yi wuya, banda ta yi sanyi, tatsuniya ta tsaya. Iya takan turo mana kwanonta ta ce bakinta ba ɗanɗano. Zazzaɓi ya same ta jiki ba ƙarfi, ta rasu saura kwanaki kaɗan a yanke sabon gero.

A makaranta na koyi abin da Kawu yake nufi, na zana shi a takardar jarrabawa, malami ya yaba. Na gane Iya mutane take nufi, ni kuma na ji wake. Nakan yi tunanin ko ta san haka sa'ad da ta ɗauki laifin, ko tana ganin ita ta sa allurar a hannuna.

Baba yana nan da rai. Idan aka ambaci waccan damina yakan girgiza kai ya ce, "Allah shi gafarta wa tsohuwa, ta yi mana ɓarna." Sau uku ina zama gabansa da niyyar magana. Duk sau ukun na gaishe shi, na tambayi gona, na tashi.