Baƙaƙen 'Ya'yan Jan Kifi

Ko da zan tsufa har in riƙa neman ɗankwalin da ke kaina, ba zan manta da safiyar da na ɗauki baho cike da 'ya'yan kifi na juye wa agwagin gidanmu ba. Da hannuna na yi, babu wanda ya sa ni, kuma a lokacin gani nake na yi daidai.

Shekarar da na gama sakandare ce. Zaman gida ya ishe ni, sai na faɗa kallon bidiyon masu kiwon kifin ado a waya, jajayen nan masu sheƙi kamar an shafa masu ruwan zinare. Duk wanda ya san ni a Dutsin-Ma ya san halina: in ina son abu, yau nake son shi. Ko bidiyon ma ban taɓa kallon ɗaya har ƙarshe ba. Da na ga kamar na gane, sai in wuce.

A bayan ɗakin Baba akwai ɗan lambu inda yake shuka yakuwa da alayyahu. Na matsa masa har ya yanko mini gefe guda, aka kira birkila ya gina mini ɗan tafki na siminti, zurfinsa iya gwiwa. Ranar da na saki kifaye huɗu da aka kawo mini daga Katsina a leda, Baba ya tsaya ya kalle su, ya ce, "Na ba ki damina ɗaya. In kaka ta yi ban ga jan ɗan kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan nan ba, zan cike ramin nan in mayar da yakuwata. Ita ko ba komai ana miya da ita."

Na ce masa, "Baba, ka fara neman inda za ka kai yakuwarka."

Haka nake magana, har gobe.

Na ji a bidiyo cewa a jikin saiwar ciyawar ruwa suke zuba ƙwai, don haka na je har bakin madatsar ruwa ta Zobe na ɗebo kainuwa cikin bokiti na zuba masu. Bayan ruwan farko da 'yan kwanaki, wata safiya na tarar mazan uku sun saka ta macen a gaba suna kora, ruwa sai fantsama yake. Da na ɗaga kainuwar, ga ƙwai nan manne a saiwa, ƙanana kamar gero. Na san iyayen na cinye ƙwansu, sai na kwashe kainuwar na mayar cikin babban baho a inuwa. Kwana huɗu suka ƙyanƙyashe. Kowane kamar silin gashi da aka liƙa wa ido biyu. Kullum sai in dafa ƙwai, in murje gwaiduwar in yayyafa masu, in sauya ruwa a hankali. Ban taɓa yi wa wani abu hidima irin wannan ba.

Mako shida suka yi ƙwari, suka kai tsawon gaɓar yatsa. Amma babu ja ko ɗaya. Dukkansu baƙi-baƙi, ruwan laka. Matan maƙwabta da na cika wa kunne suka riƙa leƙowa suna dariya. Wata ta ce, "Ashe karfasa kike kiwo? To ki ƙara masu dusa, mu samu na miya." Nan take lissafina ya ba ni cewa ƙwan karfasa na kwaso a jikin kainuwar Zobe, na zauna ina bautar 'ya'yan wasu. Ban tambayi kowa ba. Sai daga baya wani masunci ya gaya mini cewa karfasa a bakinta take ɗaukar ƙwanta, ba ta manna shi a ciyawa.

Ranar da na yanke hukunci, Goggo ta kwana gidanmu. Yayar Baba ce, a Kurfi take zaune, kuma ungozoma ce da ta wanke jarirai fiye da yadda ita kanta za ta iya tunawa. Ta fito ta same ni na riga na karkata bahon, agwagi sun yi caa.

"Ke! Mi kike yi haka?"

"Karfasa ce, Goggo. Ba ni da lokacinta."

"Uwar gaggawa! Wa ya ce maki ana yanke wa jinjiri launi tun yana cikin tsumma? Ɗan mutum ja ake haihuwarsa, ya rikiɗe daga baya. Kin san yadda Allah ya tsara wa na ruwa?"

Na ce mata kifi ba mutum ba ne, kuma ni na yi karatun abin. Ta sa moɗa ta kamfaci abin da ya rage a gindin bahon, guda bakwai, ta zuba a bokitin fenti. Ta ce za ta saka su a tsohuwar kwatarniyarta su riƙa cinye mata 'ya'yan sauro. Na ce ta je da su, ko soyawa ne ta yi.

Ban damu ba, don ina ganin iyayen za su sake zuba wani ƙwan. Sai zalɓe ya gano wurin. Cikin kwana uku ya yi masu ɗauki ɗai-ɗai, kafin in rufa raga ya bar mini namiji guda. Namiji ɗaya kuwa ko shekara goma zai yi yana zagaye, ba zai ba ni ɗa ba. Kaka ta yi, aka shigo da gero, Baba ya sa aka jibge masa ƙasar cike ramin a ƙofar gida.

A makon ne aka yi sunan ɗan wata 'yar uwarmu a Kurfi. Na je don dole, na zauna ina cin tuwo fuska a ɗaure. Goggo ce ta wanke jaririn. Ta miƙo mini shi, jajir da shi, ta ce, "Dubi bakin kunnensa. Kin ga duhun nan? Can zai koma." Sannan ta ja hannuna zuwa bayan ɗakinta, gindin bishiyar lemo.

Na leƙa kwatarniyar. Biyar suka rayu. Uku jajir kamar garwashi, ɗaya rabi ja rabi baƙi, na biyar yana nan da duhunsa, amma gefen jelarsa ya fara ɗaukar ja.

"Shi ma wannan ki duba kunnensa," in ji Goggo.

Abin da ya fara zuwa raina ba murna ba ce. Bahon nan na tuna, da yadda agwagi suka yi caa. Na durƙusa na ce, "Goggo, ki yafe mini." Ta ce, "Ni mi kika yi mani? Agwagi ma gode maki suke. Kwashi huɗu, baƙin ki bar mani, ladan ungozoma ne."

A kan cinyata na riƙe bokitin har Dutsin-Ma, duk ramin da mota ta faɗa sai na ce wa direba ya bi a hankali. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sharaɗina na gidan nan ne. Waɗannan ai 'yan Kurfi ne."

Na ce, "A nan aka ƙyanƙyashe su, Baba. Yaye kawai suka je wurin Goggo."

Ya yi dariya har da tari. Ƙasar da aka jibge, da ita aka gyara katanga.

Yau jikokin waɗannan huɗun ne cike da tafkin, kuma duk wadda ta zo karɓar 'ya'ya ta yamutsa fuska don ta gan su baƙaƙe, sai in ce ta zauna in ba ta labari. Bakina bai mutu ba, gaggawa ma ban rabu da ita duka ba. Amma na koyi cewa abin da bai gama zama ba, ba a yanke masa hukunci. In zuciya ta ce mini in zubar, sai na fara duba kunne.