Yadda Aka Rufe Wa Motata Baki

Motar farko da na mallaka a Diffa tsohuwa ce mai dogon baya, wadda ta sha duniya kafin ta zo hannuna a ƙarshen shekarun 1990. Injinta lafiya lau. Cikinta kuwa babu komai sai kujeru da tsurar ƙarfe, don wanda ya sayar mini ya yi shekaru yana lodin buhunan tattasai a ciki, shimfiɗar ƙasan ta ruɓe, ya yaye ta ya zubar. In ta hau hanya sai ka ce an saka ka cikin gwangwani ana dukansa da muciya. Ni abin bai dame ni ba. Mu mutanen Damagaram Allah ya hore mana murya, ko a tsakiyar kasuwa ba a taɓa ce mini in maimaita magana ba.

Surukina manomin tattasai ne a wani ƙauye gaba da Geskeru, Babarbare, dattijo mai magana ƙasa-ƙasa tun yana da lafiyarsa. Da ciwon ƙirji ya kama shi, aka ce a riƙa kawo shi asibiti duk bayan mako biyu. Ni ne mai mota a dangi, don haka ni nake zuwa in ɗauko shi da hantsi, in mayar da shi bayan la'asar.

A baya yake zama, don suruki ba ya haɗa kafaɗa da mijin ƴarsa. Rawani ya rufe masa baki. Ni kuma ban isa in waiwaya in dube shi ba, madubin ma karkatar da shi nake yi. A hanya nakan ji kamar ya yi magana. In ce na'am, ya maimaita, ƙarar mota ta cinye. Ka ce wa surukinka ya sake faɗa har sau biyu, ai ka fita daga tarbiyya. Sai na samo mafita, da na ji motsin muryarsa sai in ce, "To, Baba." Na ɗauka addu'a ce ko nasiha irin ta manya, kuma na ga babu addu'ar da "to" za ta ɓata. Haka muka yi wata huɗu, ina ta yaba wa kaina da iya zama da surukai.

Wata rana matata ta ajiye mini abinci, ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ce ƙanwarta ta gaya mata Baba ya ce akwai abin da yake roƙona, kullum ina cewa to, amma ban yi ba tukuna. Wai ya ce kada a yi mini maganar, ƙila hidima ce ta yi mini yawa. Na tambaye ta mene ne. Ta ce ita ma abin da ta zo tambayata ke nan. Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa, wai don me ba za ta je ta tambaye shi ba. Ta bari na gama, sannan ta tuna mini ita ƴar fari ce, tsakaninta da shi gaisuwa ce kawai. Kuma duk wanda ya tambaya, tsohon zai gane wata huɗu ina amsa masa kamar yadda ake amsa wa mai sambatu. Na tsame hannu daga abincin. Mutumin nan yana ramewa a kan idona, na yi masa alkawarin abin da ban sani ba, kuma ban san kwana nawa suka rage mini in cika shi ba.

Akwai wani mai ɗinkin kujerun mota a bayan tasha, ɗan ƙaramin mutum mai furfura, wanda aka ce a Maiduguri ya koyi aikin. Washegari na je masa da jan kafet mai dogon gashi da na saya, da faifan soso irin na katifa. Na ce ya shimfiɗa mini su yau ɗin nan, ƙara nake so ta ragu. Bai ko dubi kayan ba. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, sannan ya tsaya ya ce:

"Wa kake so ka ji? Kuma a ina yake zama?"

Ban gaya masa komai ba, ga mutum ya karanta ni daga ƙarar ƙarfe. Na nuna masa kujerar baya ta dama, na ce wani dattijo ne marar murya.

Ya kwance kujerun baya ya fitar, ya ɗauki guntun alli, ya ce in tuƙa mu bi hanyar da nake bi da dattijon. Sai ya kwanta rub da ciki a kan ƙarfen nan mai zafi, ya manna kunnensa. Muka bar kwalta muka shiga burji mai gargada, ni ina gaba ina jin tausayin haƙarƙarinsa, shi yana jan jiki daga wannan kusurwa zuwa waccan, idonsa a rufe, yana zana da'ira da alli. Wani lokaci ya ce in ƙara wuta, wani lokaci ya ce in saki. Da muka dawo na leƙa, ƙasan motar duk zane, wani kamar bakin ƙwarya, wani bai fi kwabo ba. Ya ce ƙarar da nake ji ɗaya, shi murya bakwai ya ji, kowace da gidanta. Na taɓa ganin masu gane sawun raƙumi a rairayi, amma ban taɓa tsammanin akwai mai bin sawun ƙara ba sai ranar.

Daga nan ya koma kan kayana. Ya ɗora mini soson a baki ya ce in hura. Na hura, iska ta fita ta ɗaya gefen ta taɓa tafinsa. Ya ce duk inda iska ta bi, ƙara ma za ta bi. Ban da haka soso yana shan ruwa in an ratsa fadama, ya riƙe ƙurar tattasai a yi ta atishawa, zafin Diffa kuma ya mayar da shi gari. Ya jawo wani abu toka-toka daga ƙarƙashin teburinsa, matsattsen tsumma mai nauyi wanda yake cirowa daga matattun motoci, ya shinshina shi, ya ce in hura wannan. Na hura har idona ya yi ja, ko motsi.

Kafet ɗin ne na so in yi gardama a kai, don na riga na hango kaina a bakin masallacin Juma'a ana leƙen cikin motata. Ya sunkuya ya ciro ƙarangiya daga ƙafar wandonsa, ya jefa a kan jan gashin, ya ce in cire. Ina ta fama, ta soke ni a yatsa, ta bar rabinta a ciki. Ya ce wannan na falon mutanen birni ne, ni kuwa manoma nake ɗauka. Ya zaɓa mini wani mai gajeren gashi, launin ƙasa, mai roba a baya, ya ce zai yanka shi gida-gida don in riƙa fitarwa ina kaɗe rairayi. Na karɓa ba gardama, abin da ba halina ba.

Kwana uku ya yi a kanta, ni kuwa na bar shagona na zauna ina kallo. Ya fara da toshe ramukan tsatsa, har waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba. Ya shanya takardar kwalta, irin wadda ake liƙe rufin kwano da ita, sai da rana ta tausasa ta, ya yanka daidai kowace da'ira, ya murje da kwalba. Na tambaye shi don me ba zai rufe ko'ina ba. Ya ce ƙarfe kamar ganga yake, in ka ɗora yatsa a inda ya dace ya mutu, sauran ɓarnar kaya ce. Kan tudun tayoyin baya ya manna robar tsohon tiyub, sannan tsumman nan ya bi ko'ina, har cikin ƙofofi da ƙarƙashin rufi. Gefen da surukina yake zama ya ninka masa biyu. Da ya gama ya ce in rufe ƙofa. Ƙofar da na saba ji tana kwaram kamar an yar da tasa, sai ta ce dif. Na buɗe na sake rufewa har sau huɗu, yana kallona yana murmushi.

Ranar asibiti na je ƙauye na ɗauko tsohon. Ya shiga, ya taɓa kafet ɗin da tsinin sandarsa. Muka kama hanya. Wallahi tsoro ne ya fara kama ni, don ban san motar da nake ciki ba. Ina jin rairayi yana shuu a ƙarƙashin taya. Ina jin injunan ban-ruwa suna tari can cikin gonaki. Ina jin ƙwayoyin carbinsa suna faɗa wa juna ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ji numfashinsa, wani siririn fito a ƙarshen kowane ja, na gane ciwon ya fi yadda nake zato nisa.

Akwai inda hanyar take matsowa kusa da kogin Komadugu, wajen wasu goruba da suka jingina da juna. Muna dosar wurin na ji ya gyara zama, ya ce da Hausarsa ta Barebari, a hankali, kamar mai faɗar abin da ya riga ya san amsarsa:

"Ɗana, in ba zai ɓata maka tafiya ba, ka ɗan tsaya a nan."

Abin ke nan. Sau takwas na wuce wurin nan da shi a zuwa, sau takwas a komowa, ina cewa to, ƙafata a kan totur. Na taka birki har motar ta ja ƙasa.

Ya sauka da ƙyar, na bi shi a baya-baya har bakin ruwa. Kogin ya cika ya fara janyewa, ya bar laka mai sheƙi a gefe. Ya nuna mini wasu ruɓaɓɓun gwafanni biyu a cikin ciyawa, ya ce a nan jigonsa yake tun kafin a san injin ban-ruwa. Shi yana ɗebo ruwa, marigayiya uwar matata tana buɗe wa tattasai hanya da hannu. Ya ce isowar ruwan bana ya so ya gani a wurin nan, lokacin da yake shigowa a kan busasshen rairayi, amma wannan ma ya yi. Ya gode mini da na samu lokaci.

Godiyar nan ce ta karya ni. Na durƙusa a bayansa, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ban taɓa jin abin da kake faɗa ba. Ko sau ɗaya. Kunya ce ta hana ni tambaya."

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka tarin ne, ashe dariya yake yi, har ta koma tarin. Da ya lafa ya share idonsa da bakin rawani.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ni duk na ɗauka nauyi na zame maka."

Muka zauna a wurin har rana ta take. Ranar ba mu je asibiti ba, kuma bai ga ruwan baɗi ba.