Dangwalen da Na Yi a Alƙahira

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban san alƙalami ba; surukata Binta ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Matan unguwarmu da kuke ta tambaya, ga yadda tafiyar ta kasance.

Gumel zuwa Kano

Ranar Talata muka tashi, kafin kiran assalatu, ni da 'yata Rabi. Alhaji Sule, ƙanin maigidana, har bakin mota ya biyo ni yana cewa tsohuwa mai gyambon ciki me za ta nema a Masar, in zauna a ɗakina. Na ce, “Yayanka ai ya zauna. Ina yake?” Na shiga mota, na yi kuka har Gezawa. Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana Malam. Ciwon dajin hanta ne ya ɗauke shi, amma har ya cika ciwon shawara muke ce masa, don kada hankalinsa ya tashi. Da ni aka haɗa bakin.

Shinge uku muka wuce. A na biyu ɗan sanda ya leƙo ya ga idona, ya ce wa direba ya wuce da Mama. Takwas saura kwata muna Kano.

Kano zuwa Alƙahira

Jirgi ya ɗaga ɗaya da rabi na rana, muka yi awa biyar da wani abu a sama. Abincinsu ban taɓa ba, dabinona na ci. Autana Nasiru, da ke karatun addini a can, shi ya tarbe mu. Mai tasi ya yi ta danna hon yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri, kamar mu ne muka tare masa hanya. Gidan Nasiru a unguwar Ainu Shams yake, hawa na huɗu, sau uku na zauna a kan matakala. Maƙwabciyarsa Hajja Zahra'u, Bahaushiyar Sudan mai sarin gyale a kasuwar Ataba, ta kawo mana wake da burodi. Ta ce kakanninta daga Haɗeja suka fito da ƙafa, ni kuwa na zo a jirgi ina haki. Na ce su ai ba su hau bene ba.

Asibiti, ranar Asabar

Ƙarfe bakwai muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari, tasha tara, sannan muka hau tasi. Kwana huɗu ana ɗibar jinina ana saka ni cikin na'urar hoto. Ranar Laraba likitar, mace ce mai farin gilashi, ta ajiye takardu a gabana ta yi magana mai tsawo, har da zane a takarda. Nasiru ya juyo ya ce, “Inna, ta ce allura ce za a yi miki, ki dangwala a nan.”

Na dubi bakinta, na dubi nasa. Maganar da ta kai dahuwar shinkafa, ta dawo allura? Ya sunkuyar da kai, Rabi ta kama gyara mayafi. Nan na gane fuskar, domin ni ma na yi wa Malam irinta. Na naɗe hannuwana cikin zane na ce ba zan dangwala ba sai an kawo wanda ba ni na haife shi ba. Nasiru ya ce shi zai sa hannu a madadina. Likitar ta ja takardar wajenta. Ashe dokar aikin ita ce sai mai jikin ta ji da kunnenta ta yarda.

Washegari Hajja Zahra'u ta bar kasuwarta ta biyo mu. Ta saurari likitar, ta kama gwiwata ta ce, “Ma'alish, sai haƙuri, Yaya. Daji ne a hantarki, kuma ya wuce a yanke.”

Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa. Rabin kukan na Malam ne. Da na share ido na ce a ci gaba. Ta fassara mini cewa maganin sabo ne, gwada shi ake yi, ba a tabbatar da shi ba. Za a huda saman cinyata a zura siririn bututu cikin jijiyar jini, a bi da shi har jijiyar da ke shayar da ƙarin, a zuba maganin a bakinsa, maimakon ya zagaye jiki duka. Zai iya ƙanƙantar da shi, zai iya ƙi, zai ma iya wahalar da hantar. Kuma duk ranar da na ce na fasa, an fasa.

Nasiru ya ce mu koma gida mu yi shawara da Baba Sule. Na ce hantar Sule ce? Na tambaya ko abin da suka gani a jikina zai amfani wani a bayana, likitar ta ce don haka ake rubutawa. Na miƙa babban yatsana.

Ranar aikin

Litinin ƙarfe tara aka shiga da ni. Ba a sa ni barci ba, wurin kawai aka kashe. Ina kallon allo, bututun na tafiya cikina kamar zare a ramin allura, ina salati. Da maganin ya isa na ji wuta ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Awa shida na kwanta ban lanƙwasa ƙafa ba. Kwana biyar zazzaɓi da amai, kunun Hajja kaɗai ke zama. Da na miƙe na sa Nasiru ya kai ni tsohon masallacin Darrasa. A can ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce a wajena ya koya, mu roƙi Allah tare.

Bayan mako shida aka sake hoto. Ƙarin ya ɗan ja baya, bai tafi ba. Likitar ta ce tamam, wato ya yi kyau, in dawo bayan wata biyu a sake.

Komawa

Mun sauka Kano da hantsi ranar Alhamis, la'asar sakaliya muna Gumel. Alhaji Sule ya zo sannu da zuwa, ya tambayi gyambon ciki. A gaban kowa na ce masa sunansa daji, irin na yayansa, kuma zan koma. Sai ya ce Malam ya taɓa tambayarsa ko shawara tana kisa haka, shi kuma ya ce masa a'a. Muka yi kuka mu biyu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Hajja Zahra'u da ta ba ni gaskiya ba gauraye. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe mini abin da na ɓoye masa. Mai zuwa duba ni ya zo, ƙofa a buɗe take, amma ya kira ciwon da sunansa.