Rijiyar Da Sai Ta Huta Ake Auna Ta

Laraba: Manshiya zuwa Wadi Bawanis

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na kulle ɗakin da nake haya a unguwar Manshiya cikin Sabha, igiyar awo a kafaɗa, a jaka kuma kwalaben ɗiban ruwa da wani littafin soyayya da na karanta sau huɗu. Mutanen Damagaram, kun sha tambayata me nake karantawa a jami'a a Sabha. Ilimin muhalli ne: duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, noma, tattalin arziki, da zaman jama'a. Malamai huɗu, kowanne yana ganin fanninsa ne uwa.

Malaminmu na ruwa, wanda muke kira Duktur, shi ya fitar da ni. Rahotona na farko shafi goma ne a kan yadda dabino ke rausaya kamar amarya, babu lamba ko ɗaya. Ya mayar mini da shi ya ce, "Habibu, zurfin ruwan rijiya guda da tarihinta nake so ran Lahadi. Ka sake kawo waƙa, ka faɗi shekara." Wanda ya faɗi kuwa ba a sabunta masa tallafin karatu, sai ya tattara ya koma gida.

A unguwar Gurda na sami Gumar, Ba'abzinen direba mai kai wa gonaki gazuwal, wato man dizal, a a-kori-kura. Dinari biyu ya karɓa. Shida da kwata muka tsaya a bawwaba, shingen 'yan sandan bakin gari. Ɗan sandan ya duba takardar zamana, ya dubi igiya.

"Me za ka ɗaure?"

"Ruwa zan auna, ranka ya daɗe."

Ya dubi rairayi dama da hagu, ya ce Allah ya taimaka.

Kwalta sabuwa fil, kuɗin fetur ya shimfiɗa ta. Bayan kamar kilomita talatin muka sha shayi a Tamanhint, da burodi mai kifin gwangwani da yaji. Nan na yi kuskuren gaya wa Gumar cewa a littattafai, bakin rijiya ake haɗuwa: budurwa da tulu, baƙo da ƙishirwa.

"Akwai budurwa can," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Suna nata Illa. Gemu fari."

Gonar kusa da Samnu

Saboda sauke gazuwal gona-gona, sai sha ɗaya muka isa. Babu tulu, babu guga. Inji ne ke ruri a ɗakin bulo, tiyo yana aman ruwa cikin dabino. Baba Illa, mutumin Tawa mai kula da ban ruwa, ya tarbe mu. Mai gonar yana Sabha, Juma'a kaɗai yake leƙowa.

Ban ko zauna ba na zura igiya cikin rijiyar. Mita arba'in da ɗaya. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na ce wa Gumar mu juya.

Baba Illa ya yi dariya har da tari. "Ɗan lakwal, ɗan boko, ka taɓa auna numfashin jaki yana tsakiyar gudu?"

"Ban gane ba, Baba."

"Tun asuba injin nan ke zuƙa, ruwa ya gudu ƙasa. Sai rijiyar ta kwana ta huta za ta gaya maka gaskiya. Wannan lambar, kai wa malaminka in kana marmarin gida."

An koya mana wannan a shekara ta biyu. Na tuna ranar sarai, don a ƙarƙashin tebur nake karanta yadda wani saurayi ya suma a tasha. Gumar ya tafi da alkawarin dawowa gobe.

Muka ci makaroni da tumatir a kwano ɗaya. Bayan la'asar na tambayi Baba tarihin rijiyar, ya ja ni ɗakin inji ya nuna bango. Layuka bakwai ne da aka karce da ƙusa. Duk ran da inji ya fara shan iska maimakon ruwa, sai su ƙara tiyo mai mita uku, shi kuma ya karce layi, ya zana abin da aka shuka a shekarar: nan kankana, nan ciyawar dabbobi.

"Na farko da na biyu, shekara huɗu tsakaninsu," in ji shi. "Da maƙwabta suka sami kuɗi kowa ya haƙa tasa, sai duk shekara."

"Wa ya sa ka rubutawa, Baba?"

"Tsoro, ɗana. Kada mai gona ya ce ni na ɓata masa inji."

Na kwafe bangon kaf. Abin da malamai huɗu ke koyarwa a ajujuwa huɗu, ga shi a wuri ɗaya. Da magariba aka kashe inji, na kwana kan tabarma cikin buhunan taki.

Alhamis: komawa

Bayan sallar asuba Baba ya riƙe tocila na zura igiya. Mita talatin da uku. Mita takwas na so in yi wa Duktur ƙarya ba da sanina ba.

"Ka gama? Dabino bai san jami'a ba," in ji Baba, ya tada inji.

Gumar ya iso goma saura, yana tambayar ko an sa rana. Ƙarfe ɗaya na buɗe ƙofata a Manshiya.

Lahadi

Duktur ya karanta a tsaye. Ya tsaya kan lambobin biyu.

"Wa ya ce ka jira asuba?"

Na so in ce littafi. Na ce Baba Illa ne, mai ban ruwa.

Ya sa hannu a rahoton. "Ka ci. Rabin makin nasa ne. Aika masa kada ya shafe bangon nan, wata mai zuwa zan kai ajin duka."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Gumar da ya kai saƙon, ya kuma kawo amsa. Baba ya ce bango yana nan, kowa ya zo da tabarmarsa. Amma ya roƙi a gaya wa Duktur ya hanzarta: injin ya fara shan iska, ƙusar layi na takwas tana aljihunsa.