Ba Ta Nan, Malam

Ina da kamar shekara takwas aka kai maganata kotu. A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni. Iyayena sun rasu ina rarrafe, sai ƙawar mahaifiyata, wadda suke sayar da gyaɗa tare, ta ɗauke ni. Inna nake ce mata. Ita tana da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ni kuwa ko ƙyallen takarda ba ni da shi, kamar yawancin yaran lungunmu.

Rana tsaka sai ga ƙanin mahaifina, direba a unguwar Aziziyya, mutumin da ko da sallah bai taɓa leƙo mu ba. Ya ce ni jininsa ce, zai tura ni Cadi wurin dangi. Inna ta ce sai dai bayan ranta. Ya kai ƙara.

A lokacin akwai wani Bahaushe haifaffen Jidda, yana aiki a unguwar masana'antu. In shari'a ta shafi marayan mutanenmu, alƙali kan bar shi ya je ya duba, ya dawo ya faɗi inda yaron zai fi samun kulawa. Don Allah yake yi, kuma wannan ne ya ja masa zargi. Matan lungunmu suka ce ina aka taɓa ganin namiji ya bar aikinsa yana bin gidajen mutane a banza? Ɗan leƙen jawazat ne, masu kama marasa iƙama. Ba wanda ya taɓa ganinsa da su, amma kowa ya rantse.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu kan maganata, da la'asar, Inna ta cusa ni ta ɓarakar langa-langar bayan ɗaki zuwa gidan maƙwabciya. Daga can nake jin su.

"Hajiya, yarinyar na zo gani. Ni ba naki ba ne, ba na baffanta ba. Nata ne."

"Ba ta nan, Malam."

"Tayyib. Yaushe za ta dawo?"

"Allah ne masani."

Ya ci gaba da zuwa, mutumin bai san gajiya ba. Mai ƙosan bakin lungu na hango farar rigarsa za ta hau dukan kasko da matsami, kafin ya iso an yi ciki da ni. Na ɓuya bayan keken tela, na ɓuya a tsakanin jarkokin ruwa har ƙafata ta yi sanyi. Wallahi na tsane shi. Na kan leƙe shi ta tsagar ƙofa in ga yana ɗaga kai yana kallon shanya a igiya, in ce a raina ƙirga mu yake yi. Da labari ya zo cewa an gan shi yana shan shayi a ɗakin baffana, Inna ta tafa hannu ta ce, "Halas, an saye shi."

Ranar shari'a alƙali ya ce dole a zo da ni. Na maƙale a jikin Inna. Larabcin titi da na iya ya ishe ni in bi zancen. Alƙali ya tambayi mutumin me ya gani.

"Ya shehi, yau na fara ganinta."

Inna ta matse mini yatsu har na kusa ihu. Baffana ya gyara zama ya ce, "An ji ko? Kullum tana yawo, ba mai kula da ita."

"Ba yawo take ba," in ji mutumin. "Ɓoye ta ake yi, tsorona suke ji. Lungu guda ya haɗa baki ya yi mini ƙarya saboda ita, har da liman. Shi kuwa baffan, na ce ya kwatanta mini ita, ya ce doguwa ce fara."

Alƙali ya sauke tabarau ya dube ni. Ni kuwa gajeriya ce, baƙa wuluk. Ya ce in ci gaba da zama wurin Inna.

A bakin ƙofar kotu mutumin ya sunkuyo yana murmushi. "Sannu, 'yata. Kin wahalar da ni." Muryarsa ba ta yi kama da ta mugu ba, har na buɗe baki zan gaishe shi. Inna ta ja mayafi ta rufe mini fuska.

"Mun gode, Malam. Yalla, mu tafi."

Na zaci a mota Inna za ta yi guɗa. Sai ta yi ta waiwaye. Sai da muka kusa gida ta ce, "Yanzu ya ga fuskarki."

Kafin Juma'a ta ƙulle kayanmu, muka koma wani ɗaki can ƙarshen Karantina inda ba wanda ya san mu. Na yi ta kuka, don ko mai ƙosan ba a bar ni na yi wa sallama ba.