Furen da Kaka Ta Yi wa Ɗori

A kan cinyata na riƙo shi tun daga Kaduna, cikin gwangwani, ina zaune tsakanin buhunan gishiri a bayan lori. Ni na shuka shi a lambun makaranta, da irin da Baturiya shugabarmu ta raba mana. Furen rana muke ce masa, don yadda yake juya kai yana bin rana. Tsawonsa ya ɗan fi kamu, bai ko fara buɗewa ba.

A tsakiyar daji, bayan an ɗauke ruwa, ƙafar motar ta zame daga kan wata gadar katako. Ban tuna ƙarar ba. Na dai ga itatuwa sun juya, sai ga ni a cikin laka. Dattijon da ke kusa da ni, wanda ya ba ni dafaffiyar gyaɗa, bai tashi ba. Hannuna na hagu ya karye ƙasa da gwiwa. An ce da na dama na ƙanƙame gwangwanin, na ƙi saki har aka kawo mu Birnin Gwari. Karan furen ya lanƙwashe a tsakiya, ya tsage, amma bai rabu biyu ba.

Gidan Kawu aka kai ni, inda Kaka take. Maɗori ya zo da azahar. Ya ja hannun har na ga duhu, ya shafa man shanu, ya tofa addu'a, ya jera sillayen kara ya ɗaure tamau da tsumma. Ya ce kwana arba'in, in zauna a inuwa, kada kowa ya taɓa ɗaurin. Kaka tana tsaye tana kallo, ba ta bar komai ya wuce ta ba.

Yana fita ta ɗauki gwangwanin ta dube shi.

"Ƙawata, wannan abin da kika kusa mutuwa a kansa, ana miya da shi?"

"Ba a yi, Kaka."

"Ana magani?"

"Kallo ake yi."

"Ikon Allah. Shekara nawa kina boko, kallo kika koyo." Ta juya shi a hannu. "To, shi ma majinyaci ne. Kawo sauran karan."

Ta mayar da shi cikin wani fasasshen tulu, ta miƙe karan, ta lafta masa man shanu, ta jera sille huɗu ta ɗaure da zare iya ƙarfinta. Har tofi ta yi masa.

Kawu mai sayen auduga ne, ya yi bene na ƙasa a gidan, da 'yar baranda a sama wadda tabarma biyu za su cika ta. Nan Kaka take jera kasakenta na albasa da daɗɗoya da barkono. Gefe ɗaya yana kallon tsakar gida, rufin ɗaki ya yi masa inuwa. Ɗaya gefen yana kallon gabas, rana tana dukansa tun hantsi, kuma daga nan ana hango hanyar Kaduna har inda ta shige daji. Kaka ta ajiye tulun a lungun inuwa, tunda haka maɗori ya ce a yi wa mai karaya. Ni ma nan na shimfiɗa tabarmata, na ba hanya baya. Ko a haka, in lori ya sauya giya a gangare, sai in bar abin da nake yi har ƙararsa ta wuce.

Kwana shida da zuwana takarda ta iso. An ba ni gurbi a kwalejin horon malamai mata, in je nan da mako bakwai. Na karanta wa Kawu. Ya daɗe yana murza carbi.

"Ba zan tilasta miki ba," ya ce. "Amma in ba ki je ba, wata za a ba. Kuma kin san hanyar ɗaya ce."

Na sani. Dajin nan ne, da gadar nan. Na naɗe takardar na cusa ƙarƙashin tabarma.

Furen kuwa ya shiga lalacewa. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, na sama ya yi laushi ya langaɓe. Kiyashi suka gano man shanun, suka yi layi daga bango har wurin ɗaurin. Kaka ta ƙara masa ruwa safe da yamma, har da ruwan tsari, tana cewa majinyaci sai da abin kirki a ciki. Abin da nake jin kunyarsa yanzu shi ne na san abin da ke damunsa. Na zana shi a littafi, an ba ni maki a kai: shuka ba ta rayuwa babu haske. Na yi shiru, don in aka kai shi gefen rana, ni ce zan riƙa zuwa can ina duba shi.

Akwai wata Bagwariya daga wajen Randagi da ke kawo mana itace ranar kasuwa, tana ɗauko shi a kafaɗa. Ran nan Kaka ta ce ta hau sama ta ɗebi barkono. Ta hau, ta gaishe ni da jiki, sai idonta ya faɗa kan tulun. Ta tsuguna ta taɓa zaren, ta shinshina yatsanta.

"Iya, wa ya shaƙe wannan?"

"Ɗori ne," in ji Kaka daga kan matakala. "Yadda aka yi wa yarinya na yi masa."

"Yarinya tana da ƙashi. Wannan ruwa ne a cikinsa, ta nan yake hawa. Kin toshe masa wuya, kin kuma kira masa kiyashi walima." Ta yi dariya. "Mu doya ba mu ɗaure ta haka. Sanda muke kafa mata, ta jingina da kanta."

"Yau ga mai doya ta zama likita."

"Kuɗin likita barkono ne, Iya, ƙara mini."

Ta warware zaren a hankali. Wurin ya yi baƙi ya dame, amma tsagar ta fara kamawa. Ta goge man da toka, ta zaro wani siririn reshe daga itacenta ta kafa a tulun, ta zagaya su da tsumma sakwa-sakwa, yadda yatsa zai shiga. Ta ce kada a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe. Sannan ta ɗaga tulun ta dire shi a bakin katangar gabas, ta ɗebi barkononta ta sauka.

A kwanakin nan gwiwar Kaka ta tashi, ba ta barinta hawa kullum, ni kuma ina sama. Washegari da hantsi na rarrafa na je, idona a ƙasa, na taɓa ƙasar tulun na dawo da sauri. Kwana uku haka. A na huɗu ina gyara tsumman, sai ga lori ya taho. Da hannu ɗaya nake aikin, in na saki karan zai faɗi, don haka na tsaya. Na gan shi ya fito daga daji, kaya har sama, ya gangara, ya tsaya a tasha. Mutane suka sauko suna karkaɗe riguna. Wata mata tana faɗa a kan kwandonta. Ina kallonsu har na gama ɗaurin.

Daga nan na matso da tabarma kaɗan. Ganye biyu suka bushe na tsinke su, sababbi suka fito ta sama. Inda karan ya karye ya yi ƙulli kamar gwiwa, bai sake miƙewa sosai ba. Ranar da maɗori ya kwance mini hannu, Kaka ta sa aka taimaka mata ta hau, ta tarar furen ya fara nuna rawaya a baki.

"Kin gani? Tofina ne ya kama."

Ban musa mata ba. Da ya buɗe bai fi tafin hannu ba, rabin waɗanda muke samu a makaranta. Na zaro takardar daga ƙarƙashin tabarma, gara ta ɗan ci gefenta, na kai wa Kawu na ce ya yi mini magana da direba.

Na bar wa Kaka furen, da sharaɗin babu man shanu. A gadar, direba ya tsaya ya ce kowa ya sauka a taka da ƙafa, haka suke yi tun bayan abin da ya faru. An sa sababbin katako uku, farare a cikin tsofaffin. Na taka ina kallon bayan matar da ke gabana, ban duba ƙasa ba.

Wata biyu ke nan ina kwaleji. Har yanzu in mota ta wuce bayan aji sai in ajiye alƙalami in jira. Jiya Kawu ya aiko da wasiƙa. Ya ce tsuntsaye sun fara cin irin, Kaka ta rufe kan furen da tsohon kallabinta, kuma ta ce a gaya mini sakwa-sakwa ta ɗaura shi, yadda ake so.