Rukuni Biyu na Malam Isufu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Isufu, abokina kuma maigidana a aiki. Shi ne mai kula da kwamfutocin buronmu, wato ofishinmu, a Birnin Konni, aikin da yake hannuna yanzu.

Makon da na fara aiki, duk takardar da na nemi buɗewa a rezo, wato hanyar da ta haɗa kwamfutocinmu, sai ta ƙi. Kwana uku ina cin tuwo ba daɗi, ina zaton darakta ne bai yarda da ni ba. Har na fara tunanin komawa gida Tsarnawa. Malam Isufu ya lura, ya jawo kujera kusa da ni.

"Abdu, na'ura ba ta san ƙiyayya ba," in ji shi. "Tsaya mu ga inda aka sa sunanka."

Ya rubuta ɗan umarni a baƙin allo, sai ga jerin rukunonin da nake ciki, waɗanda su ke ba mutum izinin buɗe takardu. Ashe an haɗa ni da ma'aikatan reshen Malbaza, saboda can ma akwai wani Abdu. Minti biyu ya gyara. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa saura kaɗan in bar aiki a kan zato.

Watan jiya sabon darakta ya ce in share sunayen waɗanda suka bar aiki. Na iso kan na Malam Isufu, wanda aka rufe tun rasuwarsa. Kafin in taɓa shi, na duba rukunoninsa. Mutumin da makullin kowane ɗaki yake hannunsa, na zaci zan ga jeri har ƙasan allo. Biyu na gani: na masu gyaran rezo, da na dukan ma'aikata. Rukunin takardun sirrin ma'aikata, inda ake ajiye rashin lafiyar wannan da gargaɗin da aka yi wa wancan, shi ya kafa shi, amma bai taɓa sa kansa ciki ba.

Mene ne dalilinsa? Tsoron Allah, ko tsoron abin da ido zai gani zuciya ta kasa mantawa? Ban sani ba, kuma na so in tambaye shi. Na so in ji me zai ce da zamanin nan, da ake jefa mutum cikin rukuni goma a waya ba sallama, kowa na leƙen kowa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na share sunansa kamar yadda aka umarce ni. Daga nan na duba nawa: rukuni tara. Kafin la'asar na cire kaina daga shida.

Allah ya jiƙan Malam Isufu.